Me Ya Sa Ka Fitar Da Shi, Baba?

Waɗanda suka je Kazaure a makon da ya biyo bayan Kirsimetin bara sun riga sun san inda zan dosa, waɗanda ba su je ba ma sun ji labari, domin maganar ta zaga gidaje har ta kai ga Zumuntar Mata. An yi mini tambaya guda ɗaya a bakin filin wasa, na kuma amsa ta har sau uku a wurare dabam-dabam, amma duk cikin amsoshin nan babu wadda na faɗi gaskiya gaba ɗayanta. Yau nake so in amsa ta yadda ya kamata. Sai dai ku yi haƙuri in fara daga nesa, domin rigar da na saka wa ƙaryata daga Amurka na aro ta.

Ƙwallon kwando ya shiga raina tun ina saurayi a Kano, lokacin da nake koyon sana'a a Sabon Gari. Abokaina suna tafiya kallon ƙwallon ƙafa, ni kuwa ina zamewa in shiga ɗakin wasanni na filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata in kalli Kano Pillars ta ƙwallon kwando, wadda ta ci gasar Najeriya sau da yawa. Daga can na fara bin gasar NBA, na kuma zaɓi ƙungiyar San Antonio Spurs saboda mutum ɗaya, Tim Duncan. Dogo ne, mita biyu da santimita goma sha ɗaya, ba ya ihu, ba ya bugun ƙirji, yakan yi aikinsa ya koma gida. Irin mutumin da nake fatan zama ke nan.

A watan Yuni na 2013 ina ɗalibi a makarantar tauhidi a Jos. Spurs ta kai wasannin ƙarshe da Miami Heat ta su LeBron James. Tsarin shi ne duk wanda ya fara cin wasa huɗu cikin bakwai ya ɗauki kofi, Spurs kuwa ta ci uku, Miami biyu. Wasa na shida aka buga ranar Talata 18 ga wata da dare a Miami, wato wajen ƙarfe biyu na daren nan namu. Mu shida muka yi karo-karo muka sayi man janareta, muka zauna a ɗakin wani ɗan'uwa mai talabijin, alhali da safe muna da darasin Helenanci.

Duncan yana da shekara 37 a lokacin, amma ya yi wasa kamar ɗan ashirin da biyar. Ya tashi da maki 30, ya kuma cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando sau 17. Saura daƙiƙa 28 a tashi, Spurs tana gaba 94 da 89. Ma'aikatan filin sun fara ja igiyoyi masu ruwan ɗorawa a gefen fili don bikin miƙa kofi, magoya bayan Miami da yawa sun tashi sun fita. A nan koci Gregg Popovich ya kira Duncan ya zaunar da shi a benci, ya sa Boris Diaw. LeBron ya jefa daga nesa bai shiga ba, aka yi rububin ƙwallo, ta faɗa hannun Miami, ya sake jefawa ta shiga, maki uku. Duncan ya dawo. Aka yi wa Kawhi Leonard ƙeta, yaro ɗan shekara 21, aka ba shi jifan kyauta biyu, ya zubar da ɗaya ya ci ɗaya: 95 da 92, saura daƙiƙa 19. Sai Popovich ya sake fitar da Duncan. LeBron ya sake jefawa, ya sake kuskurewa. Chris Bosh ya tashi sama ya cafke ƙwallon a daidai wurin da Duncan ya saba tsayawa, ya miƙa wa Ray Allen da ke ja da baya zuwa kusurwar dama, shi kuwa ya jefa ta shige, saura daƙiƙa biyar da ɗigo biyu. Aka je ƙarin lokaci, Miami ta ci 103 da 100. Bayan kwana biyu ta ci wasa na bakwai 95 da 88, ta ɗauke kofin.

Ban yi barci ba a daren. Na shiga aji ido jajir, ina gaya wa duk wanda ya tsaya ya saurare ni cewa tsohon nan ya zubar da kofi da hannunsa. Yaya za a yi kana da wanda ya fi kowa iya cafke ƙwallo, ka ajiye shi a daidai lokacin da ƙwallo ɗaya kake bukata? Har na ji haushin Ime Udoka, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya kuma taɓa buga wa Najeriya wasa, don yana zaune a bencin nan a matsayin mataimakin koci bai kama hannun maigidansa ba.

Sai da shekaru suka wuce, zafin ya huce, na gane lissafin Popovich. In kana gaba da maki uku, ba ka tsoron wanda zai zo ƙarƙashin kwando ya ci biyu, kana tsoron mai jifa daga bayan layin nesa. Abokan hamayya za su riƙa tsayawa a gaban mai tsaro don su buɗe wa mai jifansu hanya, maganin haka kuwa shi ne masu tsaro su yi musayar mutane nan take, wannan ya karɓi na wancan. Aikin masu saurin ƙafa ne, dattijo mai shekara 37 da gwiwa mai ciwo ba zai iya bin ƙaramin ɗan wasa a can waje ba. Haka Spurs ta saba yi a irin wannan hali, Duncan da kansa ya shaida wa 'yan jarida cewa ba sabon abu ba ne. Dabarar ma ta yi aiki rabi, domin sau biyu LeBron ya kuskure jifan farko. Da Manu Ginobili ko Leonard, waɗanda kowannensu ya zubar da jifan kyauta ɗaya a cikin rabin mintin nan, sun ci nasu, da yau babu mai tuna wanda ke zaune a benci. Har yanzu ina ganin da ni ne da na bar Duncan a ciki a karo na biyu, tun da na ga abin da ya faru a karon farko. Amma na daina kiran abin wauta. Shawara ce da mutum ya yanke da dalili, dalilin da zai iya faɗa a gaban kowa, sai ƙwallo ta faɗi inda ta ga dama.

Yanzu mu dawo gida. Kun san yadda muka sha fama kafin dattawa su yarda a kafa kwando a bayan majami'a. Wani dattijo ya ce wasan 'yan birni ne, zai ɗauke hankalin yara daga sujada. Na gaya musu cewa wanda ya ƙirƙiro wasan a 1891, James Naismith ɗan Kanada, shi ma karatun tauhidi ya yi, kuma a makarantar horar da ma'aikatan ƙungiyar matasa Kiristoci ta YMCA da ke Springfield ya rataya kwandunan farko. Na gaya musu Masai Ujiri, wanda ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors har ta ci kofin NBA a 2019, a Zariya ya tashi, a can ya fara riƙe ƙwallo. Suka yarda. Wani maƙeri ya lanƙwasa mana rodi, muka kafa a jikin turke, ƙasa muka daddaɓe don babu kuɗin siminti. Ni na zama koci don babu wani, ba don na iya ba.

Da aka shirya wasan sada zumunci tsakanin matasanmu na ɓangaren Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, muka aro filin wata makaranta a Kazaure. Mu na ɓangaren Roni muka doke Babura da safe, Kazaure ta doke Gwiwa, sai mu da Kazaure da yamma. Suna da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a cikinsu, yaran da suka saba wasa a kan siminti. Mu kuwa abin da muke taƙama da shi yaro ɗaya ne. Ba zan kira sunansa ba, kun san shi, kuma na nemi izininsa kafin in rubuta wannan. Ya fi kowa tsawo a filin, daga wata unguwa ta can kan hanyar Gwiwa yake zuwa atisaye a kan keke, sau uku a mako, ko da iskar hunturu tana kaɗawa.

Kafin a fara na ce kowa ya kama mutuminsa ya bi shi duk inda ya je. Ba mu yi nisa ba aka ga tsarin bai karɓe mu ba, domin 'yan Kazaure suna janye dogon namu zuwa waje, ƙarƙashin kwando ya zama fili. Da aka je hutun rabin lokaci an ba mu ratar maki takwas. Ina cikin yi musu faɗa, ga dattawa biyu a tsaye a bayana, ga faston Kazaure da ya zo gaishe ni, ga 'yan mata masu rabon ruwa, sai yaron nan ya ɗaga kai ya ce, “Baba, wannan tsarin naka ba ya aiki. A bar ni in tsaya a ƙarƙashin kwando.” Bai faɗa da raini ba, haki yake yi, gumi yana zuba. Amma wani ya yi dariya, faston Kazaure ya yi murmushi ya kau da kai. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi a fuska. Na ce, “To, malam koci, a yi yadda ka ce.” Aka yi yadda ya ce, kuma ya yi aiki. Muka rama makin nan ɗaya bayan ɗaya, duk abin da ya taɓa kwando ya dawo hannunsa yake faɗawa. 'Yan kallo suka fara kiran sunansa. Kowane maki da muka ci, maimakon in yi murna, sai in ji kamar ana ƙara shaida wa jama'a cewa yaro ya fi fasto.

Saura daƙiƙa goma sha biyu, muna gaba da maki ɗaya, ƙwallo a hannun Kazaure. Na nemi a tsayar da wasa, na fitar da shi, na sa wani ƙaramin yaro mai gudu. Ya dube ni, ya buɗe baki, ya rufe, ya je ya zauna a kan dutse. Kazaure ta jefa bai shiga ba. Suka cafke, suka sake jefawa, bai shiga ba. Suka sake cafkewa a saman kawunan yaranmu, na uku ya shige, alƙali ya busa. Muka faɗi da maki ɗaya.

A nan kyaftin ɗinmu ya zo, idonsa cike da ƙwalla, ya ce, “Baba, me ya sa ka fitar da shi?” Amsata ta farko ita ce yaron ya gaji. Gaskiya ne ya gaji, kowa ma ya gaji. A mota muna komawa wani dattijo ya sake tambaya, na ce ina son mai saurin ƙafa ne ya hana su jifa. Da daddare maganar ta tashi a zauren WhatsApp na zumunta, sai na zauna na rubuta dogon bayani a kan Popovich da Duncan, da shekara da maki da komai, na rufe da cewa in kocin da ya fi kowa a duniya ya yi haka, wane ne zai ga laifina. Na ji daɗin rubutun nan ƙwarai. Bayan minti kaɗan wata 'yarmu mai karatu a Kazaure ta amsa da ladabi: “Baba, ka gafarce ni, amma su da maki uku suke gaba, jifan nesa suke tsoro. Mu da maki ɗaya muke gaba, ƙarƙashin kwando ya kamata mu tsare.” Na karanta sau uku. Ta yi daidai, na kuma san ta yi daidai tun ina tsaye a bakin fili. Abin da na yi shi ne na rufe zauren, na mai da shi shugabanni kaɗai ke iya rubutu, na ce ana neman kawo rarrabuwa.

Ban tsaya nan ba. Ranar Asabar na shirya wa'azi daga Ibraniyawa sura 13 a kan biyayya ga shugabanni, na haɗa da gardamar Bulus da Barnaba a Ayyukan Manzanni sura 15, inda Bulus ya ƙi tafiya da Markus don ya taɓa barinsu a Bamfiliya. Niyyata in nuna cewa shugaba yana da ikon ajiye wanda ya ga dama. Maman yara ta ga takardar a kan tebur, ta karanta, ta ce, “Baban yara, wannan wa'azin don jama'a ne ko don kanka?” Na ce mata ba ta san ƙwallon kwando ba. Ta ce, “Ban sani ba, amma na san fuskarka, kuma ina wurin lokacin da yaron nan ya yi magana.” Ta ƙara da cewa in zan kawo Markus, in karanta har ƙarshen wasiƙa ta biyu zuwa ga Timoti, inda Bulus ɗin da kansa ya aika a zo masa da shi. Na yi fushi na fita, amma ban hau bagade da takardar nan ba. Wannan kaɗai ne abin kirkin da na yi a makon, shi ma ba dabarata ba ce.

Ga amsar da ta kamata in bayar tun a Kazaure. Na fitar da shi ne don ya kunyata ni a gaban mutane, kuma ban so a tashi wasan ana ɗaga shi sama ana cewa dabararsa ce ta ci. Na so a ci wasan da canjin da ni na yi. Ban zauna na tsara haka dalla-dalla ba, abu ne na daƙiƙa biyu, amma na san abin da ke cikin ƙirjina lokacin da na ɗaga hannu. Laifi tudu ne, na shekara goma ina hango na Popovich daga Jos har Roni, alhali shi abin da ya yi yana iya bayyana shi da rana tsaka. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, da jifan nan na uku bai shiga ba, da an ɗauke ni a kafaɗa, da kun yaba mini hikima, da ni ma na yarda hikima ce. Faɗuwar ce ta sa kuka yi tambaya, da tambayar kuma na gane kaina. Saboda haka ba na cikin masu cewa tambayar koci bayan wasa ihu ne bayan hari. Akwai mai tambaya don ya huce haushi, ni ne wannan a 2013. Kyaftin ɗinmu da 'yar nan kuwa sun ga abin da bai yi daidai da hankali ba, suka tambaya da ladabi, suna da haƙƙin a ba su amsar gaskiya, ni kuwa na rufe musu baki da sunan zaman lafiya.

Akwai wani abu da Popovich ya yi a daren nan wanda ban sa a rubutuna na WhatsApp ba, ko da yake na san shi. Bai bar 'yan wasansa su watse kowa ya shige ɗakinsa ba. Ya tara su a wani gidan abinci a Miami, ya bi su tebur-tebur yana magana da kowa. Da aka dawo sabuwar kaka ya zaunar da su suka sake kallon wasan nan tare, suka dubi kuskuren kowa. A 2014 suka sake haɗuwa da Miami, suka doke ta wasa huɗu da ɗaya. Ni kuwa a daren Kazaure gaban mota na shiga na yi shiru har gida, yaron yana can baya a kan taya.

Bai zo atisaye ba a watan Janairu. Bai zo sujada ba, sai jefi-jefi, ya zauna a baya ya fita kafin a gama albarka. Na gaya wa kaina nisa ne, na ce kekensa ne ya lalace, na ce aikin rani ya tafi. Ista ta zo ta wuce. Na yi wa'azin gafara sau biyu a tsakanin, ban hau babur na yi tafiyar minti arba'in ba.

Sai da ruwa ya sauka, ana noman firi, na je. Na sami mahaifinsa a ƙofar gida, muka gaisa, ya ce yana gona. Na bi ta cikin geron da bai kai gwiwa ba, na hango shi tun daga nesa, domin ko a sunkuye ya fi kowa tsawo. Ya ajiye fartanya ya durƙusa ya ce, “Sannu da zuwa, Baba.” Na ce ya tashi. Na riga na shirya jawabi a kan babur, amma da na tsaya gabansa duk ya zube. Na ce, “Ɗana, ba don ka gaji na fitar da kai ba. Haushin maganarka na ji. Maganar kuwa gaskiya ce. Ka gafarta mini.”

Ya daɗe yana kallon ƙasa, yana murza ƙasar da ke tafin hannunsa. Ya ce, “Baba, ai na sani tun a ranar.” Ya ce abin da ya dame shi ba zaman benci ba ne, rubutun nan ne da na yi, domin bayan shi yara suka riƙa cewa ashe ba ya iya gudu, har ƙannensa suna tsokanarsa da tsoho. Ya ce shi ma bai kamata ya yi magana a gaban baƙi ba. Na ce wannan mu bar shi wata rana, yau tawa na kawo. Ya ce ya yafe. Na tambaye shi ko zai dawo atisaye, ya ce sai an gama maimai, aiki ya yi wa babansa yawa. Ban matsa ba. Na karɓi fartanyar ƙaninsa na kama kunya ɗaya, ban kai rabi ba bayana ya ƙage, suka yi ta dariya.

Na buɗe zauren WhatsApp ɗin a daren da na dawo, kowa yana iya rubutu. 'Yarmu da na rufe wa baki, na kira ta na ba ta haƙuri, na kuma roƙi shugabannin zumunta su ba ta riƙon ƙungiyar a wasan Kirsimeti mai zuwa, ni zan riƙa kawo ruwa da kuɗin mota. Ta ce za ta karɓa in dattawa sun yarda, za mu zauna da su ranar Lahadi bayan sujada. Dogon namu ya zo ranar Asabar da ta wuce, a makare, da sabuwar taya a kekensa. Kwandon ya karkace tun iskar farkon damina, shi ya riƙe turken, muka tura duwatsu a gindinsa.